Yadda ake gina ƙauyen shekara 600 a cikin kwamfuta

(Kiɗan buɗe shiri)

  Yau za mu leƙa wata sana'a ce da muke ganin kayanta kullum a hannun yaranmu da ƙannenmu, amma kaɗan daga cikinmu ne suka san yadda ake yin ta, wato sana'ar ƙera wasannin kwamfuta. A cikin wasannin ma iri ɗaya za mu ɗauka: wasan dabarun mulki da yaƙi, wanda ake gina shi a kan zamanin dawakai da takubba da ganuwa.

A irin wannan wasa, mai wasa ba ya riƙe takobi da hannunsa. Yana kallon ƙasa ne daga sama, yana ba da umarni: a sare dajin can, a yi gona a nan, a gina rumbu, a tara mayaƙa. Wanda ya iya dara ya riga ya san rabin zancen, domin abin da ake gwadawa shi ne hangen abin da zai faru bayan motsi uku ko huɗu. Sai dai a nan 'ya'yan darar suna jin yunwa, suna jin sanyi, kuma idan ka matsa musu suna iya kwashe komatsansu su bar maka garin.

Zamanin da masu ƙera waɗannan wasanni suka fi so shi ne wanda masana tarihin Turai ke kira zamanin tsakiya, daga wajen shekara ta 500 zuwa ta 1500 Miladiyya. An daɗe ana yi. Age of Empires II ya fito a 1999, Stronghold a 2001, Medieval: Total War a 2002, kuma har gobe ana buga su. Amma wanda za mu ɗauka misali a yau sabo ne, sunansa Manor Lords. Dalilin zaɓensa shi ne an fito da shi kasuwa tun ba a kammala shi ba, ana sayarwa ana ci gaba da gini, saboda haka duk mai son ganin yadda ake wannan aiki zai gan shi a fili.

Wanda ya ƙirƙire shi wani ɗan ƙasar Polan ne mai suna Greg Styczeń. Asalin sana'arsa tace hotunan bidiyo ne. Ya fara wasan a matsayin aikin sha'awa da yake taɓawa bayan ya tashi daga neman abincinsa, ya kuma shafe kimanin shekara 7 yana fama kafin ranar 26 ga Afrilu, 2024, da aka fara sayar da shi. Ya raɗa wa kamfaninsa suna Slavic Magic, alhali a lokacin kamfanin shi kaɗai ne. Za ku ji ana cewa mutum ɗaya ne ya yi wasan. Akwai gaskiya a ciki, amma da sauran bayani: tsari da rubutun manhaja nasa ne, sai dai ya biya mutane daga waje sun yi masa zane-zane da kiɗa da wasu ayyukan, ya kuma nemi shawarar masana tarihi.

Shawara ta farko da mai irin wannan aiki zai yanke ita ce: ina ne, kuma yaushe ne? Shekara 1,000 ba wasa ba ce. Sulken da aka sa a shekara ta 900 daban yake da na 1400, haka ginin gida, haka garma. Wanda bai tsayar da wuri da lokaci ba, sai ya haɗa gambiza, ka ga mayaƙin wani ƙarni yana tsaye a ƙofar gidan wani ƙarni. Styczeń ya tsaya a kan yankin Farankoniya, wanda mafi yawansa yake arewacin jihar Bavariya ta Jamus a yau, inda biranen Nuremberg da Bamberg suke, a ƙarshen ƙarni na 14. Ku tuna wannan lokaci ne da bai daɗe da wucewar babbar annobar da ta ratsa Turai ba, daga 1347 zuwa 1351, wadda ta kashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen nahiyar. Ƙasa ta yi yawa, hannuwan noma sun yi ƙaranci.

Da zarar an tsayar da wuri da lokaci, sai ƙofofi su fara rufuwa. Ba za a sa dankalin Turawa a gonar ƙauyen ba, duk da sunansa, domin daga nahiyar Amurka ya zo, kuma bai shiga Turai ba sai bayan 1492. Masara ma haka, tumatir ma haka. Abin da ya rage shi ne alkama, da sha'ir, da wani hatsi mai jure sanyi, da tsiron da ake saƙa yadin lilin da shi, sai kayan lambu, da ƙwai, da naman farauta, da 'ya'yan itatuwan daji. Daga wannan ɗan jerin ne za a gina cin abincin gari guda.

To, yanzu mu zo inda aikin yake da nauyi. Mutane da dama suna zaton wahalar ƙera wasan yaƙi tana wajen yaƙin. Ni a ganina tana wajen sa mai jan itace.

A farkon Manor Lords, abin da ake ba ka shi ne iyalai 5 da ke kwana a tanti, da ɗan guzuri, da sa guda. Dokar wasan ta ce gungumen itace bai ɗaukuwa a kafaɗa, sai sa ya ja shi, kuma sai da mutum a gabansa yana jan igiya. Ƙaramar doka ce, amma ku dubi abin da ta haifar. Ka ba da umarnin gina gidaje 5 da rumbu da coci a lokaci guda, magina sun hallara, katako na jibge a bakin daji, amma aiki ya tsaya cik, domin san yana can yana jan gungume ɗaya zuwa ƙarshen gari. Ga hunturu na ƙaratowa. Nan take mai wasa zai gane cewa bai kamata ya kafa gidaje nesa da wurin saran itace ba, kuma kuɗin farko da suka shigo hannunsa gara ya sayi sa na biyu da su. Babu wanda ya karanta masa darasi a kan tsadar sufuri a zamanin da. Dokar ce ta koya masa.

Haka kowace doka take a irin wannan wasa. Magana ce mai ƙera wasan yake faɗa a kan yadda mutanen wancan zamani suka rayu, sai dai da lissafi yake faɗarta. Ɗauki gona. An ba kowace gona maki na ƙarfin ƙasa, kuma makin alkama daban, na sha'ir daban. Ka shuka abu ɗaya shekara da shekaru, makin ya yi ta sauka har girbi ya zama abin kunya. Dole ka riƙa juyawa: bana wannan, baɗi wancan, shekara ta uku a bar gonar ta huta, kamar yadda manoman Turai suka yi ta yi da tsarin raba gonaki kashi uku. Ana huɗa da shuka kafin sanyi ya kankama, a yi girbi a watan Satumba na shekara mai zuwa. Daga nan a yi sussuka, a kai injin niƙa mai aiki da iska, a kai garin wurin gashi, a kai burodin rumfar kasuwa, sannan ya isa gida. Kowane mataki sai an sa iyali a kansa. Kowane mataki kuma akwai tafiyar ƙafa a tsakani.

Wannan tafiyar ƙafa ita ce ke hana masu rubuta manhaja barci. Kwamfuta ba ta san hanya ba. Duk sa'ad da wata mata a cikin wasan za ta tashi daga gida zuwa rijiya, sai an lissafa mata inda za ta bi, ta kauce wa shinge, ta kauce wa gini, ta fi son hanya a kan ratsa gona. Dabarar lissafin da yawancin wasanni ke dogara da ita wajen wannan ta girmi wasannin kansu. Masana uku ne, Peter Hart da Nils Nilsson da Bertram Raphael, suka wallafa ta a 1968 a cibiyar bincike ta Stanford da ke Amurka, inda ake ƙoƙarin koya wa wani mutum-mutumi yadda zai ratsa ɗaki ba tare da ya yi karo ba. Lissafa wa mutum ɗaya hanya ba komai ba ne. Amma gari ya bunƙasa, mutane sun kai ɗaruruwa, ga shanu, ga tumaki, ga fatake, kowa da inda ya nufa, kuma mai wasa yana iya dasa sabon gini a tsakiyar hanya a kowane lokaci. Domin hoto ya tafi sumul, ana son kwamfuta ta sake zana allon sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. A cikin wannan ɗan ƙiftawar za ta yi zanen, ta yi lissafin yunwa da farashi, ta kuma nema wa masu tafiya hanya. Shi ya sa za ka ga wasa yana gudu lafiya da safe lokacin da ƙauye yake ƙarami, da yamma gari ya cika sai ya fara sarƙewa.

Tsofaffin wasanni sun sauƙaƙa wa kansu ta hanyar yanka ƙasa gida-gida masu kusurwa huɗu, kowane gini ya zauna daram a cikin nasa. Lissafi ya yi sauƙi, amma garin da zai fito ba ya kama da kowane tsohon gari na duniya. Styczeń ya ƙi wannan. A wasansa kai ne za ka ja hanya ta lanƙwasa yadda ka so, filayen gidaje su bi ta, dogaye, masu ƙaramar fuska a bakin titi da fili mai tsawo a baya, kamar yadda aka yanka filaye a garuruwan Turai na lokacin. A bayan gidan ne iyali za su yi lambu, ko su kiwata kaji da awaki, in arziki ya ƙaru su buɗe maƙera ko wurin ɗinkin takalma. Kyan da garin yake yi a ido daga nan ya samo asali. Kuɗin da aka biya kuwa shi ne sai an koya wa manhaja yadda za ta lanƙwasa shinge, ta zaunar da gida a filin da ba a taɓa ganin mai siffarsa ba.

Yaƙi fa? Akwai shi, amma an ɗaure shi da igiya ɗaya da noma. Mayaƙanka su ne mazan garinka. In ka yi shelar fita, maƙeri ya ajiye guduma, manomi ya ajiye lauje, kowa ya ɗauki mashi da garkuwar da aka riga aka raba gida-gida. Muddin suna fagen fama, aikinsu na nan yana jiransu. Wanda ya faɗi kuma ya faɗi ke nan, gidansa ya rasa hannu guda. Ka ci yaƙi a watan girbi, ka dawo ka tarar da alkama ta lalace a gona. A wasannin da suka gabata, soja abu ne da kake biyan zinariya ya fito daga bariki. Wannan canji ɗaya ya sa mai wasa yana jin tsoron yaƙi ko da yana da rinjaye, kuma a nan wasan ya fi kusa da gaskiyar tarihi fiye da duk wani kyan sulke da aka zana.

(Gajeren kiɗa)

Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan yadda ake ƙera wasan kwamfuta na dabarun mulki da yaƙi, muna ɗaukar misali da Manor Lords.

Bayan an kafa dokoki, sai aikin daidaita su, wanda ba ya ƙarewa. Tun zamanin Age of Empires II aka saba da tsarin da kowane mayaƙi yake da maganinsa: masu dogon mashi suna karya barade, barade suna tarwatsa 'yan baka, 'yan baka suna zubar da dakaru tun kafin su iso. Idan ɗaya ya fi ƙarfi ko da kaɗan, kowa sai ya koma kansa, sauran su zama ado. Lokacin da Manor Lords ya fito, masu wasa sun yi ta ƙorafin cewa 'yan bakansa ba su da amfani, kibau na sauka kamar ruwa amma abokan gaba ko gezau. Gyaran farko da aka fitar ya ƙara musu ƙarfi. Lamba ce kawai aka canja a cikin manhaja, amma ba a gane ta yi ƙasa ba sai da dubban mutane suka gwada. Haka ma kasuwa: in aka bar farashi a tsaye, mai wayo zai gano kaya ɗaya mai riba ya yi ta sayarwa har ya daina noma gaba ɗaya. Dole a sa farashi ya riƙa faɗuwa idan kaya sun yi yawa.

Sai abin da aka bari a waje, wanda shi ma zaɓi ne. Talakan Turai na ƙarni na 14 yana yi wa ubangidansa aikin gandu na dole, a wurare da yawa ba shi da ikon tashi daga ƙasar ba da izini ba, yara kuma suna mutuwa birjik tun suna ƙanana. A cikin wasa, an taƙaita dangantakar mai mulki da talakawa zuwa ma'aunin jin daɗi mai hawa da sauka: ka wadata su da abinci iri-iri da itacen wuta da sutura, su yaba maka, baƙi su ƙaru. Wannan ya fi gaskiyar taushi nesa ba kusa ba. Ba na ganin laifin mai ƙera wasan, domin ba wanda zai sayi wasan da rabin jariransa ke mutuwa. Amma iyaye da malamai su sani, yaron da ya ƙware a wasan ya koyi yadda gari ke cin abinci, bai koyi yadda talaka ya ji a jikinsa ba. Ku kuma sani cewa tunda ƙauyen Kiristocin Jamus ne, akwai coci a ciki, akwai gidan giya, kuma duka biyun suna cikin abubuwan da mazauna ke buƙata kafin gari ya ci gaba.

Mu taɓa batun kuɗi. Styczeń bai ƙera komai daga tushe ba. Ya yi amfani da injin wasa, wato babbar manhajar da ta riga ta iya zana haske da inuwa da motsi, mai suna Unreal Engine, ta kamfanin Epic Games. Ana sauke ta kyauta, sai kuɗin da wasa ya kawo sun haura dala miliyan 1 sannan kamfanin ya fara karɓar kashi 5 cikin 100. Ya sami gudummawar masoya ta dandalin Patreon, ya sami tallafin kuɗi daga Epic, daga baya ya ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Amurka mai suna Hooded Horse domin talla da sayarwa. Babbar kasuwar wasannin kwamfuta kuwa ita ce Steam, wadda a ƙa'ida take ɗaukar kashi 30 cikin 100 na ciniki. A 2023 kaɗai an zuba sababbin wasanni fiye da 14,000 a wannan kasuwa, yawancinsu ko kallo ba su samu ba.

Abin da ya fitar da Manor Lords daga cikin wannan turmutsitsi shi ne ɗanɗano. A watan Oktoba na 2022 an saki wani ɗan yanki nasa kyauta na 'yan kwanaki, mutane suka taɓa, masu nuna wasanni a YouTube suka yaɗa. A Steam akwai maɓallin da mutum ke dannawa ya ce a sanar da shi ranar da kaza zai fito. Kafin ranar fitowa, waɗanda suka danna wa wannan wasa sun haura miliyan 3, ya zama na ɗaya a jerin. Har sai da mai ƙera wasan ya fito ya ja kunnen jama'a cewa kada su zaci kishiyar Total War ce ya yi, wasan gina gari ne mai ɗan yaƙi a ciki, kuma bai ƙare ba. Duk da haka an sayar da kwafi miliyan 1 cikin kwana biyun farko, miliyan 2 cikin kimanin mako 3, kuma akwai lokacin da mutane fiye da 170,000 suke buga shi a tare.

Sayar da wasa kafin a gama shi tsari ne da Steam ta buɗe tun 2013. Amfaninsa a bayyane yake: kuɗi na shigowa, masu saye sun zama masu gwaji. Haɗarinsa shi ne wanda ya biya kuɗi ba ya da haƙurin wanda aka ba kyauta. 'Yan watanni bayan fitowar Manor Lords, shugaban wani kamfanin wasanni na Kanada ya yi suka a fili cewa sababbin abubuwa ba sa zuwa da sauri, masu wasa na raguwa. Shugaban Hooded Horse, Tim Bender, ya mayar da martani cewa ba dole ba ne kowane wasa ya riƙe mutane kullum, kuma matsa wa masu aiki lamba haka shi ke ƙona su. Ni dai ina bayan Bender a wannan. Ku dubi Mount & Blade II: Bannerlord na kamfanin TaleWorlds da ke Ankara a Turkiyya. Da ma'aikata masu yawa, an sanar da shi a 2012, an fara sayar da shi bai ƙare ba a 2020, ba a kammala ba sai 2022. Duk da haka, mai saye yana da haƙƙi. Shawarar da Steam da kanta take bayarwa ita ce ka sayi wasan in abin da ke cikinsa yau ya ishe ka, in bai isa ba ka jira.

To ina mu a cikin wannan harka? Muna ciki, ko da yake wasu ne suka sa mu. A Crusader Kings III, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2020, ɗaya daga cikin sarakunan da ake gabatar wa mai wasa ya zaɓa a shekara ta 867 ita ce Daurama ta Daura. A 2021 an ƙara Hausawa a cikin Age of Empires III, da Kano a matsayin babban birninsu, da barade masu lifidi, da maharba Fulani, ko da yake shi wannan wasa zamanin da ya biyo bayan 1500 yake nunawa. A 2025 kuma Civilization VII ya fito da Sarauniya Amina ta Zazzau a cikin shugabannin da ake zaɓa. Abin a yaba ne. Amma ku lura, labarin Daurama da Bayajidda da muka gada bai zo da shekara ba. Masu ƙera wasan ne suka ga taswirarsu tana buƙatar mai mulki a Daura a 867, suka ɗora ta a nan. Yaron da ke Brazil ko Koriya da ya fara jin sunan Daura a wannan wasa, abin da aka sa masa shi zai ɗauka.

A ce wani matashi a Kano ko Katsina ko Damagaram zai yi wa ƙasar Hausa irin aikin da aka yi wa Farankoniya. Abin sha'awa, lokacin ma ya zo ɗaya. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya sa mulkin Sarki Yaji daga 1349 zuwa 1385, kuma a zamaninsa ne ya ce Wangarawa suka iso daga Mali. Ya ce Kanajeji, daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa. Ga matakan ci gaban wasa nan a jere, ba sai an ƙago ba.

Sai dai dokokin Manor Lords ba za su yi aiki a nan ba, sai an zauna an rubuta namu. Babu masara a gonar zamanin Yaji, babu rogo, babu gyaɗa, babu barkono, domin duk daga Amurka suka zo daga baya. Gero ne da dawa da wake da auduga. Babu shanun huɗa, domin garmar shanu ba ta yaɗu a ƙasar Hausa ba sai zamanin Turawa. Da hannu ake noma, saboda haka yawan mutanen gandu da gayya su ne ma'aunin girbi. Mai ɗaukar kaya jaki ne da takarkari, na nesa kuma raƙumi. Abin tsoro a kalanda ba ƙanƙarar hunturu ba ce, tsakiyar damina ce, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai nuna ba. Yaƙi kuma sai ruwa ya ɗauke, an yi girbi, rafuka sun janye, doki ya sami hanya. Ganuwa ba gidaje kawai za ta kewaye ba, har da gonaki da kududdufai, domin garin da aka yi wa ƙawanya ya ci ya sha. Akwai kuma tambayar da ba ta da daɗi: wannan littafi na Kano cike yake da labarin hare-haren kamo bayi. Mai ƙera wasan zai sa, ko zai bari a waje? In ya sa, ta yaya zai sa ba tare da ya mayar da shi hanyar cin maki ba? Duk wanda ya ɗauki aikin sai ya amsa.

Kayan farawa ba su fi ƙarfin mai niyya ba. Injin Godot kyauta ne gaba ɗaya kuma ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada. Blender, da ake sassaƙa siffofi da shi, shi ma kyauta ne. Kuɗin shigar da wasa Steam dala 100 ne. A nahiyarmu ma akwai waɗanda suka riga suka fara sana'ar, irin su Kiro'o Games na Kamaru da suka fitar da Aurion a 2016, da Maliyo Games a Legas. Amma ƙwararru da yawa ba da kwamfuta suke farawa ba. Da takarda suke farawa. A zana taswira, a samo tsakuwoyi su zama iyalai, ƙwayar wake ta zama damin hatsi, a rubuta dokoki 10 a gefe: dami nawa gida ke ci a wata, dami nawa jaki ke ɗauka, kwana nawa ne zuwa kasuwa. A kira abokai biyu su buga, mai dokokin ya yi shiru yana kallo. Inda suka yi gardama, a nan akwai wasa. Inda suka fara duba waya, a goge dokar a sake.

A nan za mu dakata saboda lokaci. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake haɗa sauti da kiɗan irin waɗannan wasanni, daga ƙarar maƙera har zuwa kukan doki.  

(Kiɗan rufe shiri)